Mai Raɗa a Bayan Labule

A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta cewa shi ne mai kula da ɗakin ajiyar kayan makarantar sakandare: alli, tsintsiya, bokitai, kujeru da teburan jarrabawa. Shekara ashirin da tara yana wannan aiki, ba a taɓa neman tsintsiya an rasa ba. Amma da za ka tare shi a hanya ka tambaye shi sana'arsa, tsintsiya ba za ta zo bakinsa ba. Gyara tsayuwa zai yi, ya rage murya, ya ce maka shi ne mai raɗa.

Ga yadda abin yake. Duk shekara a zango na biyu makarantar takan yi wasan kwaikwayo a babban zaure, kuma wasa ɗaya take maimaitawa tun kafin a haifi rabin malamanta. Tsohon wasa ne, wani mutumin wata ƙasa mai nisa ya rubuta shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, aka fassara. Labarin ɗan mai kwale-kwale ne da 'yar alƙali, shi shekara goma sha bakwai, ita goma sha biyar. Ranar Litinin suka haɗa ido a bakin kogi. Ranar Talata ya tsaya ya zuba mata jawabi mai shafi uku ba tare da ya nemi ruwan sha ba. Ranar Alhamis alƙali ya ce sai dai bayan ransa. Ranar Asabar kogi ya cinye su duka biyu, rungume da juna. Ana sauke labule iyaye mata na share hawaye, iyaye maza na duba agogo.

Yara kuwa sukan manta abin da za su faɗa. Saboda haka dole a samu wanda zai zauna a kan 'yar gajeruwar kujera a bayan labule, littafin wasan a kan gwiwarsa, in yaro ya kakare ya raɗa masa. A shekararsa ta farko a makarantar, malamin da ke wannan aiki ya tashi da muryarsa a dushe, aka waiwaya aka ga sabon mai ɗakin ajiya yana wucewa da kujeru biyu a kafaɗa, aka ce ajiye, zo ka zauna nan. Zaman da ya yi ke nan bai tashi ba. Ɗalibai suka sa masa Mai Raɗa, sunan ya bi shi har unguwa, har mai aski ma da shi yake kiransa.

Kuma gaskiya ya iya. Yakan ce mai raɗa na banza shi ne wanda ke jira sai yaro ya yi shiru sannan ya ba shi magana. Shi tun kafin shirun ya iso yake jin tahowarsa: numfashin yaro ya gajarta, ya haɗiyi yawu, ƙafarsa ta hagu ta ɗan matsa. Kafin 'yan kallo su ankara, kalmar ta riga ta shiga kunnen yaron. A shekara ashirin da tara ba a taɓa yin shirun da ya wuce numfashi ɗaya a kan wannan dandamali ba. Littafin ma ya daɗe da daina buƙatarsa, yana buɗe shi ne kawai don girmamawa, bangonsa duk ya sha gam da salatif.

Matsalar ita ce, in ya rufe littafin ya koma gida, kunnen nan yakan biyo shi. Ba ya iya jin mutum ya tsaya a tsakiyar magana bai ƙarasa masa ba. Matarsa za ta ce, "Yau zan je..." ta tsaya neman takalminta, sai ya ce, "Kasuwa." Ta ce asibiti za ta, duba ƙanwarta. Ya taɓa ƙarasa wa likita magana da sunan wani ciwon da ba shi da shi, sai da likitan ya ajiye biro ya tambaye shi wane ne a cikinsu ya yi karatun. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba. Taimako yake yi, kuma kyauta.

Ita matar tasa, tela ce, kekenta na nan a ƙarƙashin tagar falo. Lokacin da yake nemanta, ya je ya tsaya a ƙofar gidansu ya karanto mata jawabin ɗan mai kwale-kwale, shafi ukun nan cif, har da wurin da ake ɗaga hannu sama. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Har gobe ya yi imani jawabin ne ya sace zuciyarta. Ita kuma takan ce abin da ya sa ta yarda shi ne in ya ce zai zo ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu yake zuwa. Yakan yi murmushi ya ce mata ai mace ba ta faɗin gaskiyar irin wannan abu.

'Ya'yansu maza uku ne, duk sun girma sun kama gabansu, kuma babu wanda ya taɓa zuwa masa da wata magana ta zuciya. Babban, a bakin maƙwabci ya ji yana neman aure. Na biyun, mai aski ne ya gaya masa cewa yaron ya bar aiki, yana tsakiyar yi masa aski, da kumfa a fuska. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ko da yake bai nuna ba. Da Auta ta zo daga baya, mace ɗaya tilo, sai ya ɗaura aniya: wannan kam ba zai ji labarinta a bakin kowa ba. Ranar da zuciyarta ta fara motsi, shi za ta fara gaya wa. Kuma a ganinsa duk garin babu uban da ya kai shi cancanta. Wa ya san soyayyar yara kamarsa? Sau ashirin da tara ya raka ta tun daga bakin kogi har ƙarƙashin ruwa.

Ya san alamominta kamar yadda ya san makullansa, don duk suna cikin littafi. Yarinya za ta daina cin abinci. Barci zai ƙaurace mata. Za ta rame, ta riƙa ajiyar zuciya, ta tsaya a taga tana hira da farin wata, komai ta gani ta kwatanta shi da tauraro. Shi kuma yaron da za a yi tsoro, mai baki ne, wanda magana ke zuba daga gare shi.

Shekarar da Auta ta cika goma sha shida, malamar adabi ta zaɓe ta a matsayin 'yar alƙali, don muryarta na kaiwa har kujerun baya. Mai Raɗa ya yi farin ciki na kwana ɗaya. Washegari ya ga wanda aka zaɓa ɗan mai kwale-kwale, sai jikinsa ya yi sanyi. Wani yaro ne da ɗalibai ke kira Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa. Gashi a taje, murya garau, kafin a fara gwaji ya riga ya haddace shafi ukun. Mai Raɗa ya yi lissafi: jawabin da shi ya karanta sau ɗaya tak ya samu matar aure, shi za a riƙa harba wa 'yarsa sau uku a mako har wata uku.

Ya matsar da kujerarsa gaba kaɗan, inda zai riƙa ganin idon Rediyo. Amma gwaji ba shi ne abin damuwa ba, bayan gwaji ne. Shi sai ya tsaya ya kwashe kaya ya kulle zaure, Auta kuwa za ta tafi tashar bas ita kaɗai, hanyar da Rediyo ma yake bi. Ana buƙatar ɗan rakiya, amintacce, marar haɗari.

Bai yi nisa wajen nema ba. Taku biyu daga kujerarsa akwai yaron da ke jan igiyar labule, ɗan ajinsu Auta, Dogo ake ce masa. Hannayensa sun fi ƙarfin rigarsa, kullum idonsa na kan takalminsa. Mai Raɗa ya ce bari ya gwada shi.

"Kai yaro, me ka gani game da wasan nan?"

Dogo ya yi tunani sosai. "Yana da tsawo, Baba."

"Jawabin bakin kogi fa? Bai taɓa ka ba?"

"A nan ne hannuna ke gajiya."

Zuciyar Mai Raɗa ta yi fari. Yaron da ba shi da ko ɗigon waƙa a jikinsa, ai ko ajiyar zinariya ka ba shi. Ya dafa kafaɗarsa ya ce daga yau in an tashi ya raka Auta tasha, ya shiga bas ɗin da ita tunda layinsu ɗaya, kada ya bar kowa ya tsaya yi mata surutu. Dogo ya ce, "To." Kunnuwansa suka yi wani iri, amma Mai Raɗa ya ɗauka zafin zaure ne.

A gida ya sa ido. Abinci? Auta ta koma cin na mutum biyu, har tana kankare tukunya. Barci? Sai an buga ƙofa sau uku take tashi. Farin wata kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Abin da dai ya lura da shi ƙanana ne marasa ma'ana. Ta fara son lissafi, ita da a da take kuka in an ambace shi. Tafiyar minti ashirin daga makaranta ta koma ta minti hamsin, ta ce cunkoso ne. Tana rubutu da wani koren biro mai taunannen murfi wanda ba nata ba ne, ranar da ya ɓata ta birkita gidan kaf har ƙarƙashin keken uwarta. Takan sauya takalmi sau uku kafin ta fita, kuma ta tsiri faɗa da hancinta a gaban madubi. Wani lokaci tana wanke kwanoni sai ta fashe da dariya ita kaɗai. Ya duba duk wannan, ya duba littafi a cikin kansa, babu ko ɗaya a ciki.

"Yarinyar nan lafiyarta lau," ya ce wa matarsa. "Rediyo bai samu shiga ba. Na san alamomin."

Ba ta ɗago daga keke ba. "To, masani."

Wata rana da tsakar rana, lokacin hutun cin abinci, Auta ta zo ɗakin ajiya. Ba ta saba zuwa ba, don ba ta son a riƙa tuna wa 'yan ajinsu cewa babanta ne mai raba tsintsiya. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗauki guntun alli tana juya shi.

"Baba, akwai wani abu. Wato... in mutum ya..."

Numfashinta ya gajarta. Ta haɗiyi yawu. Ƙafarta ta hagu ta matsa.

"Ya manta maganarsa a fitowa ta uku," in ji shi, cike da tausayi. "Na sani, 'yata. Duk 'yar alƙalin da na gani a nan take tuntuɓe. Kada ki damu, ina bayanki."

Ta dubi allin. Ta ce, "To, Baba," ta ajiye shi ta tafi. Ya yini yana jin daɗi cewa 'yarsa ta kawo masa damuwarta.

Bayan mako biyu ta sake zuwa, wannan karon a gida, yana goge takalminsa a bakin ƙofar falo. Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta ɗauki ɗaya ƙafar tana taya shi.

"Baba, kai da Mama, lokacin nan... ta yaya ka san cewa..."

"Cewa jawabin zai yi aiki?" Ya ajiye buroshi. Ya miƙe, takalmi ɗaya a hannu, ya fara daga farko. "Ya ke wadda kogi ya tsaya cik don ya dube ki, ki ba ni aron idanunki in ga hanyar gida..." Shafi uku, bai tsallake ko waƙafi ba. Daga ƙarƙashin taga keken ɗinki ya ƙara gudu. Da ya gama, Auta ta riga ta goge takalmin ya yi ƙyalli, ta ce ya iya sosai, ta shiga ciki.

Karo na uku, saura kwana huɗu a yi wasa, a hanya ta tare shi suna fitowa da safe. Ta ce, "Baba, akwai wani yaro..." Bai bari ta ko haɗiyi yawu ba.

"Rediyo! Na sani! Me ya ce miki?"

Ta dube shi, sai ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. "Rediyo? Baba, in yana jawabin nan yawu yake fesa mini a fuska. Ƙirga tagogi nake yi har ya gama."

Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Bai tambaye ta wane yaro ba ne in ba Rediyo ba, don a littafi yaro ɗaya ne.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Auta ta yi kyau cikin doguwar rigar da uwarta ta ɗinka, muryarta ta kai kujerun baya, kuma ko sau ɗaya ba ta buƙaci babanta ba. Komai ya tafi daidai har fitowa ta ƙarshe, inda aka shimfiɗa shuɗin yadi a matsayin kogi, ɗan mai kwale-kwale zai buɗe hannuwa ya rungumi 'yar alƙali, ya faɗi kalmominsa na ƙarshe, sannan labule ya sauko a hankali. Rediyo ya buɗe hannuwa. Ya yi taku ɗaya. Sai labule ya faɗo gaba ɗaya, rim, kamar an tsinke igiya, ya raba shi da 'yan kallo da sauran maganarsa a baki. A karo na farko a tarihin makarantar, masoyan suka mutu ba su taɓa juna ba.

Malamar adabi ta kusa haɗiye gilashinta. Mai Raɗa kuwa, da ya kamata ya fi kowa fushi tunda an yanke wa littafi wutsiya, sai ya ji wani daɗi ya rufe shi. Ya dubi Dogo, wanda ke tsaye da igiya a hannu yana huci. Ashe yaron nan ya fahimci damuwar uba ba tare da an gaya masa ba! Ya je ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza.

"Ka burge ni, yaro. Irinku ake nema."

Dogo ya ce, "To."

Aka ninke shuɗin yadi aka mayar ɗakin ajiya, Rediyo ya koma damun wasu da surutu. Gwaji ya ƙare, amma rakiya ba ta ƙare ba, kuma Mai Raɗa ya ga wannan alama ce ta yaro mai riƙon amana. Haka aka yi wata biyu, har lokacin jarrabawa ya zo.

Wata Lahadi aka zuba abincin rana, Auta ba ta fito ba. Aka kira ta, ta ce ta ƙoshi. Ranar Asabar ma, da ya tuna, shayi kawai ta sha. Mai Raɗa ya ajiye cokali a hankali. Gabansa ya faɗi, amma a ƙarƙashin faɗuwar akwai ɗan alfaharin masani da ya ga abin da ya daɗe yana jira. Ya matso kusa da matarsa ya rage murya.

"Alama ta farko. An fara."

"An gama dai," in ji ta.

"Me aka gama?"

Ta ture farantinta gefe ta dube shi, irin kallon da take yi wa yadin da aka yanka ba daidai ba. "Wata biyar, Baban Auta. Wata biyar yarinyar nan tana son yaron labulen nan. Maigadin makaranta ya sani. Kwandastan bas ya sani. Shugabar makaranta ta sani, ta tare ni a kan maganar. Rediyon naka ma ya sani, shi ya fara tsokanarsu. Kai ka haɗa su da hannunka, ka ce ya shiga bas da ita."

"Dogo? Yaron da bai iya haɗa kalma biyar ba?"

"Shi."

"Amma tana cin abinci!"

"Da yunwa aka ce maka ake yi?"

Abin da ya fito daga bakinsa bayan wannan shi ne wanda ya fi ci masa rai. "Me ya sa ba ta gaya mini ba? Ni ne fa na ce... ni ne ya kamata..."

Ita ba ta ƙarasa masa ba. Ta jira, da ta ga babu sauran, sai ta ce, "Sau uku ta je maka. Sau uku ta dawo mini, sau ɗaya ma da jawabin ɗan mai kwale-kwale a kunne. Ba ka taɓa barin yaran nan sun kai ƙarshen maganarsu ba, su huɗun. In za ka shiga wurinta ka shiga, amma ka bar bakinka a nan kan tebur."

Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ta tsufa, wadda ba ta da wurin ɓuya. Ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar Auta.

Tana zaune a kan gado ta naɗe ƙafafu, littafin lissafi a buɗe a gabanta, idanunta sun kumbura. Rigar makarantarta na rataye a ƙusa, an goge. Ya ɗauke tarin littattafai daga kan kujera ya zauna. Ta dube shi, ta gane uwarta ta yi magana.

"Baba..." ta ce, ta tsaya.

Numfashinta ya gajarta. Ta haɗiyi yawu. Maganganu suka taso masa har maƙogwaro, kyawawa, shiryayyu: akwai ta baiwar alƙali mai rarrashi a fitowa ta huɗu, akwai ta tsohon mai kwale-kwale a kan haƙuri. Ya danne harshensa da haƙora. Fanka na juyawa. A gidan maƙwabta wani na tara ruwa a bokiti, ya ji bokitin ya cika, aka sa wani. Gumi ya karyo masa a baya. Bai taɓa sanin shiru na da tsawo haka ba, kuma ga mamakinsa rufin ɗakin bai faɗo ba.

Sai ta fara, idonta a kan littafi.

Dogo bai taɓa ce mata yana sonta ba, ita ma ba ta taɓa ce masa ba. Yakan riga ta shiga bas ne ya ajiye jakarsa a kujerar taga, in ta zo ya ɗauke. Shi ke nan. Yakan sauka a tasharta, ba tasa ba, su yi tafiyar a hankali, shi yana shurin duwatsu, ya koma da ƙafa. Shi ya ba ta koren biron. Ya taɓa ce mata rubutunta na da kyau, mako uku ta yi tana juya wannan magana a ranta. Sau ɗaya bas ya taka birki hannunsa ya sauka a kan nata a jikin ƙarfe, babu wanda ya janye har tasha biyu, kuma babu wanda ya taɓa ambatar abin.

"Ranar Juma'a na shiga, jakarsa na kan kujerar taga kamar kullum. Na tsaya. Sai ya kama kallon ƙasa. Wata 'yar ɗaya ajin ta shigo bayana, ya ɗauke mata jakar." Ta goge hanci da bayan hannu. "A tsaye na zo gida. Ko faɗa ba mu yi ba, Baba. Da me za mu yi faɗa? Ba mu taɓa cewa komai ba."

Mai Raɗa ya bi wasan a cikin kansa tun daga shafin farko har na ƙarshe, yana neman wurin da ya yi kama da wannan. Babu. A can babu wanda ya gaji da wani, kwana shida ba su isa a gaji ba. A can akwai alƙalin da za a tsana, akwai kogin da za a zarga. A nan jaka ce kawai aka ɗauke daga kan kujera, kuma ya ga abin ya fi kogin ciwo.

Ta ɗago ta dube shi, babu tsokana a fuskarta. "A littafinka, me suke yi washegari?"

"Babu washegari," ya ce. "Ranar Asabar ake sauke labule."

"Sun huta. Ni gobe ƙarfe takwas ina da jarrabawar lissafi. Lambarsa arba'in da ɗaya, tawa arba'in da biyu. Awa biyu zan yi ina kallon ƙeyarsa."

Nan ya ga wata 'yar ƙofa, ya yi wuf. "Ai ni ke jera teburan zauren. Zan iya kai naki can..."

"Kada ka taɓa, Baba. In ka matsar, kowa zai san ya dame ni."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ta jawo littafin lissafin, ta ɗan matsa gefe a kan gadon, ya gane wuri ta ba shi. Ya koma can ya zauna. Ta jingina kafaɗarta da tasa tana aiki, wani lokaci hawaye ya ɗiga a kan takarda ta share da yatsa ta ci gaba. Shi ne na ƙarshe da ya ji, bayan maigadi da kwandasta, kuma ya san wannan ba zai gyaru ba. Amma ya ji daga bakinta, har ƙarshe.

Washegari ƙarfe shida da rabi ya buɗe babban zaure. Ya jera tebura layi-layi, yana manna lambobi kamar yadda takarda ta ce. Da ya zo arba'in da ɗaya ya daɗe yana riƙe da shi. Akwai wani wuri can kusa da ƙofa inda rana ke dukan mutum a ido tun daga ƙarfe tara, ya dube shi sosai. Sannan ya ajiye teburin a inda lamba ta ce, ya ɗauko arba'in da biyu ya sa a bayansa, daidai. Ya dafa shi, ya ji ƙafa ɗaya na rawa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya ninke takarda sau huɗu ya cusa a ƙarƙashinta, ya sake dafawa har ya tabbata ba zai motsa mata ba.